Ka Mayar da Lambata

Nguru

Zuwa ga Yayan Fanna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na can Gashuwa. Allah Ya sa ka tashi a sa'a, Ya tsare ka a mota, Ya tsare ka a jirgi, Ya sauke ka a hannun mutanen kirki a ƙasar da za ka ƙaro karatu. Amin.

Fanna ce za ta kawo maka ita, na cusa ta a ƙarƙashin ƙullin yaji da busasshen kifin da na haɗa maka. Kada ka karanta a gabanta, ka san bakin ƙanwarka. Na kuma san za ka yi ta juya takardar kana mamaki, don tun da kake ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Kai ne ɗana na fari. Ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa ɗaga waya na neme ka da kaina ba, in ina da saƙo sai in ba Fanna ta isar. Haka na ga uwata ta yi da babban yayanmu, haka na yi. Shekara da shekaru ina tsaye gaban allo ina yi wa 'ya'yan mutane surutu har muryata ta dushe, amma in na zo gabanka sai in rasa bakin magana. Kai ma ka ɗauko halin. In ka bugo, sai ka yi sallama, in amsa, mu yi shiru muna jin numfashin juna, can sai ka ce, “Inna, ya tunkiya?” In ce tana nan lafiya. Ka ce to madalla, a gaida mutan gida. Hirarmu ke nan. Mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, ya sha yi mana dariya, yana cewa kamfanin waya ba zai taɓa cin ribarmu ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata magana da ta suɓuce wa Fanna ranar da ta zo yi mini kitso. Ta ce da ka yanki tikiti ka kama masauki ta intanet, a gurbin da ake rubuta wanda za a nema in wani abu ya taso, lambar mijinta ka sa. Tawa ba ta ciki. Tana bayana tana tsefe mini kai ta faɗa, ba ta ga fuskata ba. Na ce mata hakan ya yi. Da ta tafi na shiga kicin na tsaya, na rasa abin da na shigo ɗauka.

Ban ga laifinka ba. Na san dalili, kuma dalilin nake so mu buɗe yau, don tun rasuwar mahaifinka muke zagaye shi ni da kai kamar rami a tsakar gida. Ka san labarin, amma a bakin Baffanka Modu da bakin mutanen gari ka ji yawancinsa. Yau ka ji shi a nawa.

Lokacin da ciwon ƙodar mahaifinka ya yi tsanani, wankin da ake masa ya daina riƙe shi, likitoci suka ce a gwada Misira. Aka sayar da gonarsa ta shinkafa da ke fadamar Gashuwa, aka zuba kuɗin a asusuna na fansho, tun da ni ce mai zama a gida, in riƙa tura musu yadda asibiti ya buƙata. Kai ka zauna a zaure da kwamfutarka ka nema musu jirgi da otal kusa da asibitin, a ɗaya daga cikin shafukan nan da matafiya ke kama masauki. Ka sa katina, ka sa lambata. Har yau ina tuna daɗin da na ji a raina da ka ce wa mahaifinka, “Ta Inna zan sa, ita ce kullum wayarta ke kunne.” Suka tafi shi da ƙaninsa Baffa Modu, kai ka koma wurin ɗalibanka, gida ya rage daga ni sai tunkiya.

Ba su daɗe da sauka ba, wata rana da hantsi ina shanya tattasai, waya ta yi ƙara. Muryar namiji ce, Hausarsa tas, ga ladabi. Ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi gida, ya tambayi zafi, ya tambayi mai jiki, ya yi addu'ar Allah Ya tashi kafaɗunsa. Sannan ya kira sunan mahaifinka tun daga nasa har na kakansa, yadda yake a fasfo. Ya faɗi ranar da suka tashi, da sunan otal ɗin, da cewa ɗaki ne mai gado biyu, har da lambobin ƙarshe na katina. Ya ce shi ma'aikacin kamfanin ne, an sa shi ya kira ni don shi ke jin Hausa. Wai katin bai tabbata ba, in ba a gyara kafin azahar ba, otal zai fitar musu da kaya waje.

“Hajiya,” in ji shi, “ni ma ina da uba. Ba zan so a ce marar lafiya yana zaune a bakin titi a ƙasar mutane ba. Ki ɗauko katin mu gama yanzu, ba wani abu ba ne.”

Ka lura da abin da ni ban lura da shi ba. Hajiya ya ce mini, ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba, kuma duk Nguru Malama ake ce mini. Mahaifinka kuwa, daga kasuwar Gashuwa har Machina, in ba Mai Tattasai ka ce ba, ba wanda zai gane wanda kake nufi. Dogon sunan nan na fasfo ko a ɗaurin aurenmu ban tabbata an kira shi duka ba. Mutumin bai san mu ba, takardarmu ya sani. Amma mu a nan an rene mu a kan cewa wanda ya gaishe ka da kyau, ya san mutanenka, ya san inda suka kwana, ba a tsare shi da tambaya. Sai ka ji nauyin ka ce masa kai wane ne, wa ya aiko ka. Shi yana ta jero sunaye, ni kuma da ba na iya furta sunan miji, aikina kawai in ce, “Haka ne. Haka ne.”

Ka faɗo mini a rai. Wallahi ka faɗo mini. Na ce masa bari in tambayi yaro, ya ce babu laifi, sai dai lokaci na tafiya. Na buɗe wayar, ga lambarka, yatsana yana kanta. Sai kunya ta riƙe ni. In kira ka da kaina, kana cikin aji, in fara da me? Na nemi Fanna ta isar maka kamar yadda muka saba, wayarta ba ta shiga, lokacin suna ƙauyen su mijinta a bayan Yusufari, inda sai an hau tudun yashi ake samun layi. Mutumin ya sake bugowa. Na ɗauko katin na karanta masa gaba da baya, da muryata ta malamar makaranta, dalla-dalla, don kada ya yi kuskure. Wasu lambobi suka shigo ta saƙo. A jikin saƙon an rubuta kada a faɗa wa kowa, na ga gargaɗin da idona, na tsallake shi, na karanta masa su ma. Ya yi mini godiya, ya ce Allah Ya ba mai jiki lafiya. Na ce amin. Kafin tattasan nan ya sha rana, gonar mahaifinka ta bar asusuna.

To ga abin da nake so ka riƙe. Duk wanda ya kira ka ko ya turo maka saƙo yana faɗa maka ranar tafiyarka da kujerarka ta jirgi da sunan masaukinka, kada sanin nan ya sa ka saki jiki. Abin da ka rubuta wa kamfani ya bar hannunka, ba ka san inda ya kwana ba. In ka ji an ce yanzu-yanzu, in an ce kafin azahar, to nan ne za ka ajiye wayar, ka nemi otal ɗin da kanka ta lambar da ka riga ka sani, ba wadda aka turo maka ba. Katin da kake kama masauki da shi kuma, kada ya zama shi ke ɗauke da dukan guzurinka. Ka fi ni sanin waɗannan, kai ka koya mini su daga baya. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda ilimi ke gudu daga kan mutum in an ambaci wanda yake ƙauna. Wata rana ba otal za a ce maka ba, cewa za a yi uwarka ce a kwance a asibiti. Ranar kada ka ji nauyin kowa. Ka yi tambaya ko da za a ce ba ka da tarbiyya, ni na yafe maka wannan rashin kunyar tun yanzu.

Da abin ya faru, hankalina bai tafi kan wani kamfani da ke bayan duniya ba. Cewa na yi, wanda ya san wannan filla-filla, a gida ya ji. Kafin tafiyar na zaga unguwa gida-gida na yi sallama a madadin mahaifinka, tun da shi ƙafa ba ta ɗaukarsa, amma mutum ɗaya na nuna wa takardar masaukin da ka buga mana, wato Ya Kaltume, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, wadda ta karɓi haihuwar Fanna. Ita ta riƙe takardar tana juyawa tana cewa, “Oh ni Kaltume! Malama, ashe Mai Tattasai zai kwana a bene!” Ko karatun boko ba ta iya ba. Wannan bai hana ni ba, na ce ai tana da 'ya'ya, tana da surukai. Ban tuhume ta da baki ba, da ma na yi, da ta wanke kanta. Kwanon tuwon da muke miƙa wa juna ta kan katanga tun kana rarrafe, shi na daina miƙawa. Nata ya zo, na mayar da shi yadda ya zo, a rufe. Ta sake aikowa, na sake mayarwa. Daga nan ta daina.

Sai bayan na fita takaba ka zo ka ce mini an ba da sanarwa cewa ɓarayi sun yi kutse a rumbun kamfanin sun kwashi bayanan matafiya, kuma irin kiran da aka yi mini an yi wa mutane a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Nguru ba. Ka faɗi haka kanka a ƙasa, kana kallon tabarma. Na yafa mayafi na zagaya gidan Ya Kaltume. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Ba komai, Malama. Ni dai da kin tambaye ni.” Ta yafe, na yarda ta yafe. Amma da ɗanta ya ce ta koma wurinsa a Machina, ba ta yi gardamar da ta saba yi ba. Yanzu 'yan haya ne a gidan, ban san sunayensu ba, sun ƙara wa katangar bulo.

In an cuce ka a can, kuma za a iya, kada ka juya kan na kusa da kai don kawai shi idonka ke iya gani. Wanda ya cuce ni ban san ko a wace ƙasa yake ba, amma wadda na hukunta tana jin tarina ta katanga. In zargi ya shige ka game da abokin ɗakinka ko abokin karatunka, ka buɗe baki ka tambaye shi. Shiru irin namu na gidan nan ba kullum ne yake zama mutunci ba.

Wanda ya fi nauyi na bari a ƙarshe, don hannuna bai so ya zo kansa ba.

Bayan wancan kiran, wasu suka biyo baya. Ashe in lambar mutum ta faɗa hannunsu, sai su yi ta miƙa wa juna. Wani ya ce daga banki yake, zai dawo mini da abin da aka ɗauka in na biya kuɗin bincike. Wata ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce a asibitin da aka kwantar da shi. Na kai inda in waya ta yi ƙara sai in tsaya ina kallonta. Dangi suka yi karo-karo don a ci gaba da magani, ni ma na sayar da abin da zai sayu, har tunkiyar. Na ɗaukar wa kaina alkawari cewa lambar da ba suna a kanta, ba ni ba ita. Baffa Modu kaɗai nake ɗauka, shi ke riƙe da wayarsu. Mahaifinka kuwa na kasa magana da shi. In Baffa ya ce ga shi nan, sai in ce a bar shi ya huta. Mutum ya yi noma shekaru, ya damƙa mini, na karanta wa baƙo a waya. Da wane baki zan gaishe shi?

Ran nan bayan la'asar ina zaune a gindin darbejiya ina tsintar shinkafa, wayar tana kan tabarma. Ta kama ƙara. Doguwar lamba ce, baƙuwa. Na ce a raina, kun dawo ke nan. Ta katse, ta sake, ta katse, ta sake. Har magana na yi mata, na ce, “Ku yi ta yi, Malama ta gama makaranta.” Na kife ta na ci gaba da fitar da tsakuwa, ina jin kaina mai wayo.

Mahaifinka ne. Baffa Modu ya fita da wayarsu neman ɗaki mai sauƙi, shi kuma ya ji ƙarfi-ƙarfi a ranar, sai ya ari wayar wani Bahaushen Sudan da ke gadon kusa da nasa. Lambata ce kaɗai ya haddace a duniya. Washegari jikinsa ya rikice, bai ƙara magana ba har Allah Ya karɓi abinsa, can aka binne shi. Da Baffa ya dawo da jakarsa, ya ce mutumin Sudan ɗin ya ba shi labari. Wai da mahaifinka ya gaji da bugawa, sai ya miƙa masa wayarsa yana dariya, ya ce, “Malama ta yi wayo yanzu. Da ma ce mata zan yi gona ce kawai.”

Ajali ne, na sani, ba sai an tuna mini ba. Ko na ɗauka ba zan ƙara masa kwana ba. Amma da na ji muryarsa. Wannan maganar ita ke zaune da ni a gidan nan, da ita nake shara, da ita nake cin abinci. Gidan ya yi mini yawa. Har yanzu in na zo awon tsaba sai in ga na zuba ta mutum biyu. Ina kewarsa, ina kewar Ya Kaltume, ga shi tun ba ka tafi ba na fara kewarka. Ban taɓa faɗa maka irin wannan ba, a takardar ma sai da na ajiye biron na ɗan zaga tsakar gida.

Don haka kada tsoron ɓarawo ya sa ka toshe ƙofarka gaba ɗaya. Ba ɗaukar wayar ce ta kwashe mini asusu ba, abin da na faɗa bayan na ɗauka ne. Ka ɗauka, ka saurara, ka riƙe lambobinka a cikinka. Na yi sakaci aka cuce ni, na yi taka-tsantsan na cuci kaina, kuma na biyun ya fi mini ciwo.

Ina ganin yadda ka koma tun lokacin. A ganinka kai ka zaɓi shafin, kai ka sa lambata, kai ka jawo. Ka daina zama a zaure, in ka zo sai ka wuce shi da sauri. Ka saurare ni da kyau. Ba kai ka fasa rumbun mutane ba, ba kai ka karanta katin ba. Da za a koma ranar, tawa nake so ka sa. Yanzu kana so ka ɓoye ni daga masu kira, na gode, Allah Ya yi maka albarka. Amma ka duba abin da hakan ke nufi. In wani abu ya same ka a ƙasar da ban san gabas ɗinta ba, mijin Fanna za a fara gaya wa, shi ya gaya wa Fanna, su zauna su yi shawarar yadda za su tunkari tsohuwa da lokacin da ya dace. Ni zan zama ta ƙarshen ji. Na ɗanɗana jin saƙo a bakin wani bayan mai saƙon ya tafi, ba na so in ƙara.

Ka mayar da lambata. In gurbi biyu ne ka bar ta mijin Fanna, yaron kirki ne, amma tawa ta hau sama. In sun sake sace bayanan, su sace. Su kira ni su jero mini sunanka har na kakanka, su faɗa mini kujerar da ka zauna. Zan amsa musu gaisuwa, in tambayi gida, in ce su ba ni lokaci, sannan in katse in kira ka. Ni da kaina, ba ta bakin Fanna ba. Na ma fara gwadawa. Shekaranjiya na danna lambarka, tana fara ƙara na katse kamar ƙaramar yarinya. Ka biyo kiran kana tambaya ko lafiya, na ce hannuna ne ya taɓa. Ba hannuna ba ne. Koyo nake yi.

Sunanka kuwa yanzu yana rumbun kamfanoni, wataƙila wata rana ya faɗa hannun mutanen da ba su san kamanninka ba, kowa ya kira shi yadda ya ga dama. A bakina ne kawai ba ya nan, kuma haka zai zauna. Saboda haka duk wanda ya ce maka uwarka tana kwance tana ta kiran sunanka, ka san ƙarya yake yi.

In ka sauka, layinka na nan ba zai yi aiki ba, na tambaya an gaya mini. Kada ka jira sai ka sayi sabo. Ka ari wayar duk wanda ka samu, direba ne, mai shara ne, ka bugo. Kowace irin lamba ce zan ɗauka. Kada ka faɗi sunanka, kada ka ce ɗanki ne, kowa zai iya faɗin haka, an ce ma yanzu har murya suna kwaikwaya. Ka yi sallama, ka yi shirunka da ka saba, sannan ka tambaye ni tunkiya. Na san ka san an sayar da ita. Ka zo gidan nan ka ga turken ba komai, ka tsallake igiyar ka wuce, amma ba ka fasa tambaya ba, ni ma ban fasa amsawa ba. Wannan ba ya cikin takardar kowane kamfani, don haka kada ka ɗauki hoton wasiƙar nan a waya, ka karanta ka ajiye ta a ƙasan jaka.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Ya raba ka da mai daɗin baki da mugun nufi, Ya haɗa ka da maƙwabcin da za ka miƙa wa kwano ya miƙo maka. Ya jiƙan mahaifinka a inda yake kwance, Ya dawo mini da kai da ƙafafunka. Fanna da mijinta suna gaishe ka.

Ranar tafiyarka ina nan a gindin darbejiya, wayar tana kan tabarma, cajinta a cike, fuskarta a sama. Ka tambaya kawai. Tana nan lafiya.

Wassalam.

Mahaifiyarka